Yadda Ake Baje Kolin Zanen Ɗalibai a Gidan Tarihi Bisa Jigon Zumunci

Duk malamin da ya daɗe yana koyar da zane da sana'ar hannu a makarantunmu ya san cewa mafi yawan abin da hannun yara ke fitarwa, komai kyansa, makomarsa ƙasan akwati ne ko bayan kabad, inda gara da ƙura za su gama da shi kafin shekara ta zagayo. Alhali kuwa a cikin wannan gari ɗaya akwai gidan tarihi mai ɗakuna da farfajiya, wanda baƙi daga nesa suke shiga, 'yan gari kuwa su yi ta wucewa ta ƙofarsa shekara da shekaru ba su taɓa leƙawa ba. Maƙasudin wannan jagora shi ne bayyana wa malamai da shugabannin makarantu hanyar da za su bi, daki-daki, su kai aikin ɗalibansu cikin irin wannan gida, a kan jigon zumunci da taimakon juna, tun daga neman izini har ya zuwa mayar wa kowane yaro kayansa.

Na ɗauki Kano misali, domin a nan ne ake da Gidan Makama, wanda ake danganta gininsa ga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma yana hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979. A nan ne kuma ake da Gidan Ɗan Hausa, mazaunin Hanns Vischer, wanda ya buɗe makaranta a Nasarawa a 1909, inda aka haɗa karatu da koyon sana'ar hannu. Amma abin da za a faɗa zai yi amfani a Jos, wadda gidan tarihinta ya buɗe a 1952, da Kaduna, da Yamai, inda gidan tarihin ƙasa mai ɗauke da sunan Boubou Hama yake da rumfunan masu sana'a a cikin harabarsa.

Sharaɗi guda ne ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko, shi ne cewa nunin da aka yi da sunan zumunci wajibi ne a shirya shi ta hanyar gayya. Idan aka mai da shi gasar da makarantar masu hali za ta kunyata ta talakawa, to, aikin ya ƙaryata jigonsa, ko da zanen ya kai ƙarshen kyau.

Fasali na farko: kafa kwamiti da neman izini

Abu na farko shi ne a tara mutane biyar ko bakwai, wata shida kafin ranar da ake nufin buɗewa, kuma a lura ƙwarai da inda aka ɗauko su, domin makarantar da ba ta da wakili a zaman farko, da wuya aikin 'ya'yanta ya isa bango. Ya dace a sami malami daga makarantar gwamnati, da na makarantar kuɗi, da na Islamiyya, da alaramma daga tsangaya, da malama daga makarantar 'yan mata, da wakilin makarantar kurame da makafi irin ta Tudun Maliki. A kuma tabbata an taɓo cikin birni da Sabon Gari da ƙauyukan gefe. A naɗa magatakarda mai riƙe littafi, da ma'aji wanda ba zai karɓi ko kwabo ba sai da rasit.

Sa'an nan a rubuta wa shugaban gidan tarihin takarda ta hannun hukumar ilimi, a bi ta da ƙafa, a zauna da shi, a roƙe shi ya ba da ma'aikaci guda wanda zai shiga kwamitin, tun da yake su ne suka san halin ɗakunansu, inda rana ke faɗawa da inda rufi ke yoyo. Abin da aka daidaita a kai a rubuta shi, kowane ɓangare ya sa hannu: wane ɗaki aka bayar, daga wace rana zuwa wace, wa zai yi gadi, wa zai biya kuɗin wuta, kuma ko za a yafe wa ɗalibai da iyayensu kuɗin shiga. Wannan na ƙarshe kada a yi sakaci da shi, gama uban da ya zo da 'ya'ya shida aka tare shi a ƙofa da zancen kuɗi, ba zai sake dawowa ba.

Wajen zaɓen lokaci a kauce wa tsakiyar damina, musamman watan Agusta, saboda ginin ƙasa yana riƙe laima, takarda kuma tana shanta ta kumbura. A kauce wa tsananin hunturu, lokacin da ƙura ke shiga ta kowace kafa. A kuma duba azumi da jarrabawar fita, wadda kan cinye Mayu da Yuni ga manyan azuzuwa. Ga 'yan firamare da ƙananan azuzuwan sakandare akwai dama mai kyau ta buɗe nunin tsakanin 18 ga Mayu, ranar gidajen tarihi ta duniya, da 27 ga Mayu, ranar yara a Nijeriya. A Nijar kuwa 24 ga Afrilu, ranar da ake tunawa da yarjejeniyar sulhu ta 1995, ta dace da jigon matuƙar dacewa. Mako biyu zuwa huɗu ya isa. Abin da ya wuce haka yakan gajiyar da masu tsaro, haske kuma ya fara cin launi.

Fasali na biyu: fahimtar da yara jigon

A nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace, saboda haka za mu ɗan tsaya. Idan malami ya shiga aji ya ce wa yara su zana haɗin kai, ya juya ya fita, abin da zai tarar shi ne hannuwa biyu suna musafaha a kan taswirar ƙasa, ko kurciya da reshe a baki, sau arba'in, domin abin da yaran suka gani ke nan a bangon littafi da allon talla; ba su yi laifi ba, tambayar ce ba ta nuna musu cewa abin da ake nema yana ƙofar gidansu ba. Hanyar da ta fi ita ce a tura su su duba, a ba su mako biyu, kowa ya komo da labarin wani aiki da ya gani da idonsa wanda mutum ɗaya bai isa ya gama shi ba.

Ƙasarmu kuwa cike take da irin wannan, ga mai lura. Akwai gayyar noma, inda samari ke jeruwa a kunya makaɗi yana bayansu. Akwai ɗaukar jinka, da yaɓen masallacin unguwa, da yasar rijiya, da yasar magudana kafin saukar ruwa. Akwai adashin mata, da ciyayya tsakanin maƙwabta da magariba, da kwanukan abinci da ke shiga gidan makoki kwana uku ba a hura wuta a cikinsa ba. Akwai gudummawar biki, da barkar haihuwa, da yadda 'yan kasuwa ke miƙa wa juna bokiti idan gobara ta tashi. Akwai kuma tuwon Salla da ke ƙetare katanga zuwa gidan maƙwabci Kirista, da abincin Kirsimeti da ke dawowa ta wannan hanya. Yaron birnin Kano a kai shi ya ga abin da ya rage na ganuwa, a gaya masa cewa tarihi ya ce an fara ta a zamanin Sarki Gijimasu, aka faɗaɗa ta a zamanin Rumfa, sa'an nan a tambaye shi hannu nawa yake jin sun cuɗa wannan ƙasa.

In yaro ya kawo labarinsa, malami ya bi shi da tambayoyi har abin ya tsaya masa a ido: wa ya fara zuwa, me ke hannunsa, wa ya dafa abinci, ina tsofaffi suka zauna, rana tana ina, wa aka jira bai zo ba. Amsoshin nan su ne zanen. Idan kuma wani ya ce abin da ya gani shi ne zumuncin da ya yanke, kamar tsohuwar da aka bari ita kaɗai, ko almajirin da aka kora daga ƙofa, kada a hana shi, domin gaskiyar yaro tana cikin fa'idar nunin. Abin da za a hana shi ne alamar jam'iyya, da cin mutuncin wata ƙabila ko wani addini, da zana wani sanannen mutum da nufin wulaƙanci.

Wannan hanya tana da asali a ƙasar nan. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya bisa ra'ayin cewa mai zane ya koyi dabarar Turawa amma ya ɗauko abin zanawa daga al'adar mutanensa. Kuma su ne suka zama jagororin wannan fanni a Nijeriya. Abin da ɗalibai suka gane da kansu a wancan zamani, bai kamata malami ya ɓoye wa yaransa yau ba.

Ban da aikin kowane yaro shi kaɗai, ya kyautu a yi aiki guda na tarayya: a yanka farin yadi murabba'i-murabba'i, kowane santimita 30, a raba wa makarantu, kowace ta yi ado a nata da rini ko ɗinki ko fenti, sa'an nan a tara wakilan yaran rana ɗaya su harhaɗa su su zama zane ɗaya babba. Ranar ɗinkin nan ita ce karo na farko da ɗan tsangaya da ɗan makarantar kuɗi za su zauna a tabarma ɗaya da aiki ɗaya a gabansu, kuma amfaninta bai gaza na ranar buɗewa ba.

Gargaɗi guda ga malamai: hannunka kada ya taɓa takardar yaro. Ka nuna masa a wata takarda dabam, ka gyara masa riƙon fensir, ka faɗa masa inda ya gaza. Amma da zarar ka ja layi ɗaya a cikin aikinsa, sa'an nan aka rubuta sunansa a ƙasa, an yi shaidar zur, yaron kuma ya san an yi.

Fasali na uku: mas'alar surar mai rai

Lalle wasu iyaye za su tambayi hukuncin zana mutum ko dabba, kuma tambayar tasu tana kan hanya, ba a amsa ta da raini. Malamai sun yi saɓani a kanta: mashahurin zance a mazhabar Malikiyya ya bambanta tsakanin cikakkiyar sura mai jiki, wadda take da inuwa, da wadda aka zana a shimfiɗe bisa takarda ko yadi, ya tsananta a ta farko ya sassauta a ta biyu, wasu malamai kuwa sun tsananta a dukkansu. Abin da ya kamaci kwamiti shi ne ya tafi wurin malaman garin tun da wuri, ya ji fatawarsu, ya kuma bayyana a takardar gayyata cewa ba a tilasta wa kowa zana mai rai ba.

Ƙofa kuwa a buɗe take ga wanda ya zaɓi barin sura, gama fasahar ƙasar Hausa mafi yawanta ba ta dogara da ita ba. Ga zayyanar allo da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, ga dagi da sauran adon magina a fuskar soro, ga aska takwas a ƙirjin riga, ga zanen ƙwarya da saƙar faifai. Yaro yana iya nuna gayya da fartanya goma sha biyu a jingine a gindin kuka, ko jam'i da takalman da aka tuɓe a ƙofar masallaci, ko ciyayya da kwanuka a jere bakin zaure, mai kallo kuma ya fahimta sarai. Duk aikin da ke ɗauke da aya, kamar ta biyu a Suratul Ma'ida, wadda ta yi umurni da taimakon juna a kan alheri, a rataye shi a sama, nesa da ƙasa da hannun masu wucewa.

Fasali na huɗu: kayan aiki

Adalci yana farawa daga takarda. Kwamiti ya saya ya raba wa dukan makarantu takarda iri ɗaya mai kauri, santimita 30 da 42, da fensir da launi gwargwadon hali, domin kada a bango a gane aljihun uba maimakon idon ɗa. Inda kuɗi suka gaza, kayan gida suna nan: tawadar gawayi da ƙaro, irin wadda almajirai suka fi kowa iya dafawa, jar ƙasa da farar ƙasa a niƙe a tace a dama da ruwan ƙaro, shuni daga marina irin ta Ƙofar Mata, karan dafi domin ja, gangamau domin rawaya. A gwada kowane launi a ƙyallen takarda a bar shi ya bushe kwana biyu, a gani ko zai ɓare, kafin a ba yara.

Zanen gawayi da na alli suna gogewa da ɗan taɓi kaɗan, saboda haka a sa takarda mai laushi a tsakanin kowane biyu, a ɗauke su a shimfiɗe tsakanin kwali biyu, kada a naɗe, kada a ninke. Abin da aka gina da yumɓu sai an gasa shi za a karɓa, in ba haka ba zai farfashe a hanya. 'Yan mata masu ginin tukwane a ba su labarin Ladi Kwali, wadda ta koyi sana'ar a ƙauyensu, ta shiga makarantar ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, aka nuna aikinta a Turai da Amurka, har hotonta ya hau takardar naira 20.

Fasali na biyar: karɓa da rajista da zaɓe

A sa ranar rufe karɓa wata ɗaya kafin buɗewa, a tsaya a kanta. Kowane aiki da ya shigo a ba shi lamba, a rubuta ta da fensir a bayansa, ban da biro, wanda tawadarsa kan ɓullo ta gaba. A shigar a littafin rajista sunan yaro da shekarunsa da ajinsa da makarantarsa, da abin da aka yi aikin da shi, da girmansa, da duk wata yagewa ko tabo da ya zo da shi. A ɗauki hotonsa da waya. A ba malamin da ya kawo rasit. Kada a karɓi aiki sai da takardar yardar uba ko waliyyi, wadda ta ambaci nunawa da ɗaukar hoto da sa suna.

Da yake ɗaki ba zai ɗauki kome da kome ba, zaɓe ya zama dole, kuma a nan ne zukata kan ɓaci. Maganinsa shi ne a yanka wa kowace makaranta kasonta tun kafin a ga aiki ko ɗaya, sa'an nan alƙalai uku, wato ma'aikacin gidan tarihi da mai zane ko mai sana'a daga gari da malamin da ba shi da ɗalibi a ciki, su zaɓa a cikin kowane kaso suna ganin lamba kawai. Abu uku za su auna: ko yaron ya ga abin da ya zana, ko hannunsa ne, da kuma ƙwarewarsa gwargwadon shekarunsa. Waɗanda ba su sami bango ba a haɗa su cikin kundi a ajiye bisa tebur domin masu kallo su buɗa, ko kuwa a sauya na bango da su idan nunin ya kai rabi.

Fasali na shida: shirya ɗaki da ratayewa

A auna ɗakin da igiyar awo, a zana taswirarsa a takarda, a yanke inda kowane aiki zai tsaya kafin a ɗauko guduma. Tsohon gini irin Gidan Makama shi kansa kayan tarihi ne, ba a kafa masa ƙusa, ba a manna masa kome. Sai kafinta ya yi alluna masu tsayawa da ƙafafunsu, a lulluɓe su da yadi mara ado ko tabarmar kaba, a janye su daga bango kamar taƙi ɗaya domin iska ta ratsa, gara kuma ta rasa hanya. Kowane zane a ɗora shi bisa kwali mai tsabta da ya fi shi faɗi, a riƙe shi da 'yan kusurwoyin takarda da aka manna a kwalin. Salatif da gam kada su taɓa zanen ko kaɗan, domin suna barin tabon da ba ya fita, kuma suna ɗauke fuskar takarda in an zo ɓarewa.

Al'adar gidajen nuni ita ce tsakiyar hoto ta yi daidai da idon mai kallo, kimanin santimita 150 daga ƙasa. Amma tun da yake mafi yawan masu kallon nan yara ne, a sauko zuwa 130, a ja zare a miƙe domin tsakiyar duka ta daidaita, a bar tazarar tafin hannu biyu a tsakani. Takarda da yadi ba sa son haske mai ƙarfi: ma'aunin da masana adana kaya suke bi shi ne luks 50, wato haske mai laushi wanda ya isa a gani, kuma laimar ɗaki tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari. Wanda ba shi da na'urar awo ya kiyaye abu biyu, rana kada ta faɗa kan aiki kai tsaye, fitila kuma ta zama irin ta zamani mara zafi. Tukwane a ɗora su bisa gammo a tebur mai nauyi, a zuba ɗan yashi a cikinsu domin kada su tuntsure. Hanya ta kai faɗin mita ɗaya da rabi saboda mai keken guragu. Abinci da abin sha su tsaya waje. Janareta ya yi nesa. Bokitin yashi da abin kashe gobara su kasance a inda kowa ya sani.

Wajen jerawa kada a ware wa kowace makaranta kusurwarta, domin in an yi haka kowane uba zai nufi ta ɗansa ya fita. A jera bisa ga abin da aka zana: sashen gona, sashen kasuwa, sashen cikin gida, sashen farin ciki da na baƙin ciki, ta haka adashin da 'yar Islamiyya ta zana zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da na 'yar Sabon Gari, mai kallo ya ga ashe abu ɗaya suka gani. Babban zanen tarayya a sa shi inda ido zai fara sauka daga ƙofa.

Fasali na bakwai: takardun bayani

Kowane aiki yana bukatar 'yar takarda a gefensa na dama, da manyan haruffa baƙaƙe bisa fari: sunan aikin, sunan yaro da shekarunsa da makarantarsa, da kayan da ya yi amfani da su. A ƙarƙashi a sa maganar yaron da bakinsa, kalma talatin ko arba'in, yadda ya faɗe ta, ba tare da malami ya mai da ita wa'azi ba. A rubuta da Hausar boko da ajami, domin dattawa da almajirai su karanta da kansu, sa'an nan Turanci ko Faransanci. Adireshin gida da lambar waya ba sa hawa bango. A kuma ware wasu ayyuka na saƙa da sassaƙa da aka yarda a shafa, da bayani cikin rubutun makafi, domin wanda ba ya gani shi ma ya sami rabonsa.

Fasali na takwas: ranar buɗewa da kwanakin nuni

A gayyaci hakimi da masu unguwanni da limamai da shugabannin coci da jami'an ilimi, amma kujerun gaba a raba su da iyaye, da kuma mutanen da aka zana: sarkin noma, da uwar adashi, da magina, da marina. A buɗe da addu'a, jawabai kada su wuce uku gajeru, sa'an nan a shiga ɗaki, kowane yaro ya tsaya gefen aikinsa ya amsa tambaya da kansa, bayan an koya masa ladabin gaisuwa da ɗaga murya. A ware rana ko yammaci na mata zalla, da mata masu tsaro, domin uwayen da ba sa shiga taron maza su ga aikin 'ya'yansu. Zumunta, in ji Hausawa, a ƙafa take, kuma ƙafar uwa ita ta fi cancanta ta zo.

A tsara ziyarar makarantu rukuni-rukuni, kada rukuni ya wuce yara 25, a kuma zagaya da su sauran ɗakunan gidan, su ga kayan kakanninsu a rana ɗaya da nasu. A ajiye littafin baƙi a ƙofa. Kowace safiya mai tsaro ya bi rajista ya ƙirga, ya share ƙura da buroshi mai laushi, ya duba alamar gara ko kyankyaso. Duk yaron da ya kawo aiki a ba shi takardar shaida. Idan wani mai hali ya ba da kyauta, a mai da ita kayan zane a raba wa makarantu daidai. In baƙo ya so sayen wani aiki, sai da yardar yaro da waliyyinsa a rubuce, kuɗin kuma nasa ne, aikin kuwa ya tsaya a bango har ranar rufewa.

Fasali na tara: kwashewa da sauke amana

Ranar da aka rufe, mutanen da suka rataya su ne za su sauke, suna bin lamba ɗaya bayan ɗaya, a mayar wa kowace makaranta nata cikin mako guda, malami ya sa hannu, ya kuma tabbata ya isa hannun mai shi. Abin da ya lalace a faɗa wa yaron gaskiya, a ba shi haƙuri. Idan gidan tarihin yana son riƙe wani aiki, a yi kyautar a rubuce. A share ɗakin a bar shi fiye da yadda aka same shi. A rubuta takardun godiya. Ma'aji ya karanta lissafi a gaban kwamiti da wakilan iyaye. Magatakarda ya rubuta abin da ya yi daidai da abin da ya kamata a gyara, a ajiye kwafi a gidan tarihi tare da hotunan, domin waɗanda za su yi na baɗi kada su fara daga tushe.

Ya ku malamai da shugabannin makarantu, wannan aiki bai fi ƙarfinku ba, ba ya kuma jiran babban kasafi. Makarantu uku da ɗaki ɗaya da niyya tagari sun isa a fara. Ku nemi maƙwabtanku na tsangaya da na Islamiyya da na Sabon Gari a wannan zango, ku rubuta takardar neman izini, ku kai ta da ƙafarku. Allah Ya yi wa yaranmu albarka, Ya ƙara mana zumunci da son juna, amin.